Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Me Ma'aikatan Lafiyarmu Ke Ci?

Idan akwai darasin da aka nanata wa mutanen jihar Maraɗi har suka haddace a cikin shekaru ashirin ɗin nan, to darasin abinci ne. Tun daga ƙarancin cimaka na 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a nan jiharmu, da wuya ka samu uwar da ta taɓa kai goyonta awo ba ta ji huɗubar nan ba: nono zalla har wata shida, daga nan kunu mai haɗin gyaɗa ko wake, zogale a miya, wanke hannu da sabulu kafin a ba yaro abinci. Daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa magana ɗaya ce, hotunan da ake ɗaga wa mata a rumfar awo ma iri ɗaya ne.

Masu yin wannan huɗuba su ne ma'aikatan lafiya: Majo, wato shugaban asibitin karkara da muke kira CSI, da malaman jinya, da masu karɓar haihuwa, da ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. Su ke auna damtsen yaro da zaren awo, in ya faɗa kan ja, ƙasa da milimita 115, su rubuta masa abincin tamowa. Su ke faɗa wa mai ciki abin da za ta ci. Tambayar da ban taɓa jin an yi ba, a taro ko a rediyo, ita ce: su kansu me suke ci?

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne. Alli na sani. Tun da na fito daga makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi nake yawo ƙauye-ƙauye har na dawo yankinmu na Gidan Sori. Amma duk wanda ya yi aikin gwamnati a karkara ya san mushe da Majo ƴan gida ɗaya ne. Mu ne baƙi biyun da gwamnati ke turo wa gari. Sau da yawa ɗakunanmu na kallon juna, a wutar sola ta asibiti muke cajin waya, buta ɗaya muke shan shayi. Ban da haka, autar ɗakinmu malamar jinya ce. Saboda haka na daɗe ina leƙa kwanon waɗannan bayin Allah, kuma abin da na gani a ciki ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu ɗauki wata Litinin a watan Agusta ko Satumba. Lokacin ne masifu biyu ke haɗuwa: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai kai ba, ga sauro ya cika gari. Kafin a fito sallar asuba mata sun fara taruwa a rumfa, wasu a ƙasa, wasu a amalanke, kowacce da yaro mai zafin jiki a baya. Tun 2006 da aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta, layi ya ƙara tsawo, kuma alheri ne. Daga 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina ga yara, wata-wata, daga Yuli zuwa Oktoba, kuma gundumar Gidan Rumji na cikin wuraren da aka soma. Daga 2019 kuma ƴan uwanmu masu gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo yankinmu, su ma da marasa lafiyarsu. Aiki ya ninka, hannayen da ke yin sa ba su ninka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na buƙatar likitoci da malaman jinya da masu karɓar haihuwa aƙalla 4.45 ga kowane mutum dubu. Nijar ko kusa da nan ba ta kai ba, balle ƙauyukanta.

A irin wannan rana, karin kumallon Majo kofin shayi ne mai madara da sukari, da guntun biredi, in garin na da mai shayi ke nan. In babu, sai ya shiga aiki da yawun bakinsa. Wajen ƙarfe sha ɗaya, in ido ya fara nauyi, sai goro ko Nescafé. Azahar ta yi, ya fita ya yi salla a gurguje, ya aiki yaro ya sayo duk abin da ya tarar a bakin hanya: fanke, ko soyayyar awara, ko maka da mai da tonka, ko garin rogo a jiƙa da sukari. A ajiye a kan taga, aiki ya sake ɗaukar hankali, sai la'asar sakaliya a tuna da shi, ya huce, a ci a tsaye. Da almuru a ɗora buta, a sha na fari da na biyu da na uku, kowanne da sukarinsa. Abincin kirki ɗaya tak na wannan yini shi ne na ƙarfe goman dare, a cika ciki dam a kwanta. Ƙarfe biyun dare a buga ƙofa: an kawo mai naƙuda.

Ruwa ma haka. Na san malamar jinyar da ta ce da gangan take rage shan ruwa a wurin aiki, don ban ɗaki na da nisa, kuma in ta tashi layi zai rikice. Wannan a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Mai karatu zai iya cewa: ai wanzami ba ya son jarfa, sun san gaskiya suna take ta. Ban yarda da wannan hukunci ba. Wanda ya yi shekara uku yana karatun jinya a Damagaram ko Yamai ba ya buƙatar a koya masa amfanin wake. Matsalar tana cikin yadda aka tsara aikin, kuma dalilanta ba ɓoyayyu ba ne.

Na farko, ma'aikacin lafiya ba shi da ƙararrawa. Ni ina da ita. Ƙarfe goma ta yi, a buga, yara su watse, in samu in sa wani abu a baki. Da rana ma a tashi. Shi kuwa layinsa ba ya sanin ƙarfe goma. A asibitin da ke da ma'aikaci ɗaya ko biyu, tashinsa cin abinci na nufin a rufe ƙofa ana kallon yaro yana sanƙarewa.

Na biyu, zaman gwauranci. Da yawa an turo su nesa da iyalinsu. Matar tana Maraɗi ko Tasawa saboda karatun yara, shi yana ƙauye da katifa da buta da risho. Namijin da ya yini a tsaye ba zai dawo ya tsaya gyaran wake ba. Abin da ke dahuwa cikin minti biyar shi ne abokinsa: taliyar leda, sardin, biredi. Mata ma'aikata kuwa nasu nauyin biyu ne: in sun tashi daga aiki, wata tukunyar ke jiransu, kuma kamar kowace uwa a ƙasar Hausa, sai kowa ya ci su ci ragowa.

Na uku, aljihu. Ba sirri ba ne cewa da yawa daga cikin masu riƙe da asibitocin karkara ƴan kwantiragi ne ko ƴan sa-kai, kamar yadda yake a makarantu. Abin da suke samu kaɗan ne, kuma ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Mutumin da ke cin bashin mai shago har ƙarshen wata, abin da mai shago ke sayarwa shi zai ci. Mai shago kuwa ba ya sayar da zogale.

Na huɗu, babu wurin ci, babu wurin ajiya. Akwai firji a asibiti, amma na alluran rigakafi ne, kuma doka ta hana a sa ko da ledar ruwa ta sha a ciki, don buɗewa da rufewa na lalata maganin. Dokar nan daidai take. Sai dai tana nufin abincin da aka zo da shi da safe zai iya lalacewa kafin a samu sararin cin sa.

Dalili na biyar shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, kuma ban taɓa ganin an rubuta shi a wani rahoto ba. Kunya. Wata shekara na kai wa autarmu ziyara a ƙauyen da aka tura ta, da saƙon Inna: dambu da zogale a kwano, an ɗaure da ɗankwali. Na isa da hantsi. Ta karɓa, ta yi godiya, ta tura kwanon can ƙarƙashin tebur. Har la'asar yana nan. Da na yi mata magana sai ta ce: "Yaya, ta yaya zan buɗe kwano a gaban matar da tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba? In na ce mata bismillah, sauran talatin ɗin fa? In kuma ban ce ba, da wane ido zan dube ta?"

Ban sami abin da zan ce mata ba. Tarbiyyarmu ce ta hana mu ci a gaban mai jin yunwa ba tare da tayi ba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma ga inda ta kai mu: ma'aikaciyar da ke zaune a tsakiyar mayunwata ba za ta iya cin abinci mai ƙamshi ba, sai abin da ake ci a ɓoye. Biskit a aljihun tebur, alawa, kwalbar lemo a bayan labule, kurɓin shayi. Abincin da ya fi sauƙin ɓoyewa kuma shi ne ya fi rashin amfani.

Ka je ɗakin jinyar yara masu tsananin tamowa, wanda ake kira CRENI, a manyan asibitocin gunduma, ka ga abin mamaki. Yaron da aka kwantar ana ba shi madarar magani ta F-75 sau takwas a yini, dare da rana, an auna ta da mililita daidai da nauyinsa. A wurare da dama uwar da ke jinya ma an tanadar mata abinci. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan ba a yi lissafin cikinsa ba: wanda ke riƙe da kofin awon.

To, ina ruwanmu? Ai babba ne, ya san inda ke masa ciwo. Ruwanmu na nan a wuri uku.

Na farko, rayukan ƴaƴanmu. Aikin jinya lissafi ne. Allurar zazzaɓi mai tsanani, wato artesunate, ana ba da miligiram 2.4 ga kowane kilo na nauyin jiki, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3 ga kowane kilo. Sai a auna yaro, a ninka, a haɗa garin magani da ruwansa, a zuƙi daidai adadin, sannan a nemi jijiya a hannun da bai fi kara kauri ba. Ana yin wannan sau goma, sau ashirin a yini. Na yi shekaru ina koyar da lissafi, na kuma san yadda kan yaro ke toshewa in ya zo aji bai karya ba. Shi ya sa ake fafutukar ciyarwa a makarantu. Kan babba ba dutse ba ne. Bambancin kawai, in na yi kuskure a allo sai in sa tsumma in goge, shi kuwa kuskurensa cikin jijiya yake shiga.

Wannan ba matsalar talakawa kaɗai ba ce. A birnin Nottingham na Ingila an yi wani bincike da aka wallafa a 2016, inda aka auna fitsarin likitoci da malaman jinya kafin su kama aiki da bayan sun tashi. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sun zo aiki da ƙarancin ruwa a jiki, zuwa lokacin tashi kuwa sun kusa rabi, kuma waɗanda ruwan ya yi wa ƙaranci sun nuna rauni a gwajin riƙe abu a ƙwaƙwalwa. Wannan a ƙasar sanyi, a asibiti mai famfo a kowane lungu. Sai ka kwatanta da wanda ke aiki a ƙarƙashin kwanon rufi a watan Mayu, wataƙila ma da azumi a bakinsa.

Na biyu, lafiyarsu su kansu. Wani abin lura shi ne, da yawa daga abin da duniya ta sani game da alaƙar abinci da cuta, daga jikin ma'aikatan jinya aka koye shi. A 1976 masana a jami'ar Harvard ta Amurka suka fara bin rayuwar malaman jinya mata 121,700, ana aika musu tambayoyi duk bayan shekara biyu a kan lafiyarsu da yadda suke rayuwa, daga baya har da abin da suke ci. Daga cikin abin da aka gano, an wallafa a 2011 cewa waɗanda suka daɗe suna aikin dare na karɓa-karɓa sun fi faɗawa ciwon sukari, kuma haɗarin na ƙaruwa da yawan shekarun da aka yi ana aikin, wani ɓangare saboda ƙibar da ke biyo baya. Jiki yana da agogonsa. Abincin da aka ci ƙarfe ɗayan rana da wanda aka ci ƙarfe ɗayan dare ba ɗaya jiki ke karɓarsu ba.

Sai a ɗora sukari a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma rabin haka. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 na ɗauke da kusan giram 35. Ka haɗa da shayin safe da buta uku na dare, kai ma ka yi lissafin. Gishiri kuma an ce kada ya kai giram 5 a yini, alhali ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga na taliyar leda, ga na sardin. Akwai kuma abin da mata ma'aikata ke gaya wa masu ciki kullum: shayi a kan abinci na hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. A ƙasar da kusan rabin mata masu shekarun haihuwa ke da ƙarancin jini, mai raba ƙwayar ƙarin jini ita ma tana iya zama mai buƙatarta.

Autarmu ba ta kai shekara arba'in ba aka same ta da hawan jini. Yadda aka gano ma abin dariya ne mai ciwo: an kawo musu sabuwar na'urar awo, abokiyar aikinta ta ce ta miƙo hannu a gwada ko tana aiki. Suka zaci na'urar ce ta lalace, sai da aka sake da tsohuwar. Ta yi shekaru tana ɗaura wa ɗaruruwan mata wannan abu a damtse, ba a taɓa ɗaura mata ba. Ba na cewa abinci kaɗai ne ya jawo mata, akwai gado a gidanmu, akwai rashin barci, akwai zullumin hanya a shekarun nan na ƴan bindiga. Amma abinci na ciki, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin gyarawa. Ƙasa ta kashe dukiya ta horar da ma'aikaci, in ciwon sukari ko shanyewar jiki ya kwantar da shi yana da shekara hamsin, garuruwa nawa ne suka yi hasara?

Na uku shi ne wanda ya shafi sana'ata. Gani ya kori ji. A aji shida muna koyar da rukunan abinci uku: masu ba da ƙarfi, masu gina jiki, masu kare jiki. Wata rana, a wani gari da na taɓa koyarwa, na tambayi yara wane abinci ne ya fi amfani ga jiki. Wani yaro mai kaifin kai ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, biredi da sardin da lemo." Na ce don me? Ya ce: "Shi Majo ke ci, kuma ai shi ya san magani." Aji duka suka gyaɗa kai. Yaron nan shi ake aike ya sayo. Bai san Majo na cin wannan ne don ba shi da zaɓi ba. Abin da ya gani shi ne, mutumin da ya fi kowa ilimin lafiya a garin ba ya shan fura, ba ya cin kwaɗon tafasa.

Haka uwarsa ma ke gani. Da safe an ɗaga mata hoton wake da zogale, da rana ta ga an shiga da leda daga shago. Wanne za ta ɗauka? A hankali wani tunani ya zauna a zukatan mutanenmu cewa abincin gona na wanda bai samu ba ne, abincin leda da kwalba na wanda ya waye. Har ka ga uwa ta sayar da ƙwan kajinta da tiyar wakenta ta sayo wa yaro biskit, tana ganin ta yi masa gata.

Misalin ma'aikacin lafiya na da ƙarfin da ba a raina shi. A Ingila, a 1951, Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin dubban likitoci don gano alaƙar taba da ciwon dajin huhu. Da sakamako ya fara fitowa a 1954, likitocin kansu ne suka riga kowa yar da taba, sauran jama'a suka biyo baya. Mutane na sauraron bakin likita, amma hannunsa suke kallo.

Abin takaicin, ƙasarmu ba matalauciyar abinci mai gina jiki ba ce in damina ta yi kyau. Abincin tamowar nan na Plumpy'Nut da ya ceci dubban yara, wanda likitan Faransa André Briend ya ƙirƙiro tare da kamfanin Nutriset a 1996, ake kuma sarrafa shi a Yamai, mene ne tushensa? Gyaɗa. Ledar giram 92 mai kalori 500, gyaɗa ce da madara da mai da sukari da sinadarai. Gyaɗar da ta gina Maraɗi da alhazanta. Muna da wake da aka daɗe ana lodin sa zuwa Najeriya. Muna da ayar da Agye da Gazawa suka yi suna a kanta. Muna da zogale da tumatir da mangwaro a fadamar Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa har Tibiri. Muna da ƙuli-ƙuli, da riɗi, da kuka, da yakuwa, da rama, da fara, da nono. Ƙwallon fura biyu da nono mai tsabta, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sun fi biredi da lemo riƙe ciki, sun fi su arha, kuma ba sa buƙatar firji na awa biyu ko uku.

Me za a yi? Ba ni da babban shiri, kuma na gaji da manyan shirye-shiryen da ke ƙarewa ranar da mota mai tambari ta bar gari. Ƙananan abubuwa nake gani, waɗanda ke hannunmu.

Bayan abin da ya sami autarmu, ita da abokan aikinta suka yi wata dabara. Suka haɗa kuɗi kamar adashi, suka sami wata dattijuwa maƙwabciyar asibiti tana dafa musu tukunya ɗaya: yau dambu da zogale, gobe shinkafa da wake, jibi ɗanwake ko tuwo miyar kuka, gishiri kaɗan, daddawa a madadin magi. Suka share wani lungu a bayan ɗakin ajiya, nesa da idon marasa lafiya, suka sa tabarma da randa. Suka yi yarjejeniya: bayan azahar ɗaya ta shiga ta ci, ɗaya ta riƙe layi, sannan a yi musanya. Minti ashirin. Ba a rufe ƙofa ba, ba wanda ya mutu saboda haka, dattijuwar ma ta sami sana'a. Duk asibitin da ke da ma'aikata biyu zai iya yin wannan.

Kowane asibitin karkara na da kwamitin lafiya na gari, kamar yadda makarantu ke da nasu. Kwamitocin nan na tattauna kuɗin magani da gyaran katanga da man babur. Me zai hana su sa cikin ma'aikata a jerin abin tattaunawa? Rumfa ɗaya ta zana da randar ruwa ba su fi ƙarfin gari ba. Da kaka, in gari ya ga dama, a tara tiyar wake ko ta gyaɗa a kai wa tukunyar asibiti, a fili, ta hannun kwamiti, da sunan gari duka. Na ce a fili ne da gangan, don kada a buɗe ƙofar da mai hali zai sayi gaban layi da kwanon abinci. Kyautar gari daban, toshiyar baki daban.

Masu shirya tarurrukan ƙara wa juna sani su ma da sauran gyara. Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taro, na malamai ko na ma'aikatan lafiya, ya san abin da ake rabawa in an fita hutu: lemon kwalba, biskit, biredi da mayonis. Har a taron da aka kira don yaƙi da tamowa haka ake yi. Da kuɗin nan za a iya sayen zoɓo ko kunun aya marar sukari da yawa, da dafaffiyar gyaɗa, da dabino, da dafaffen ƙwai, daga hannun matan garin da ake taron. Shugabanni kuma su sa hutun cin abinci da ruwan sha mai tsabta a cikin abin da suke dubawa in sun zo rangadi, kamar yadda suke duba zafin firji da rajista. Sau ɗaya a shekara a auna jinin kowane ma'aikaci da sukarinsa. Na'urar tana kan teburinsu.

Makarantun horon jinya su koya wa ɗalibai wannan tun kafin a tura su daji: yadda mai aikin dare zai ci babban abincinsa kafin ya kama aiki, ya riƙe abu marar nauyi don tsakar dare, ya bar kofi da goro in ya kusa tashi don ya samu barci, ya ba da tazara tsakanin abinci da shayi. Suna karanta abincin jariri da na mai ciki da na mai ciwon sukari. A ƙara musu shafi ɗaya a kan nasu.

Ku kuma ƴan uwana ma'aikatan lafiya, in wannan rubutu ya iso gare ku a cikin wani dogon dare na aiki, ku yi mini haƙuri da shiga gonar da ba tawa ba. Na san kunyar da ke hana ku, kuma ina girmama ta. Amma uwar nan da kuke jin nauyin ci a gabanta, abin da ta zo nema a wurinku hannu ne marar rawa da kai marar jiri. Cin abincinku na cikin haƙƙinta a kanku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma rijiyar da kuke ja tana da zurfi.

Mu da ke zaune a layi, mu ma akwai namu. In ka ga malamin asibiti ya miƙe ya shiga bayan ɗaki da kwano, kada ka fara gunaguni cewa ya bar mutane ya tafi cin abinci. Ka ba shi minti ashirin ɗin nan da zuciya ɗaya, don wataƙila ɗanka ne na gaba da zai auna wa magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu lafiya da haƙuri, ya ba mu damina mai albarka.